Yadda zaka gane ko mulki na doka ne ko na ƙarfi

In ana hirar gwamnati sai kaji ana ta musu wane mutumin kirki ne wane mugu ne, ni kam a ganina kafin ka duba halin mai kujera gara ka duba kujerar tukuna.

Fara da tambayar wa ya ba shi. In ta zaɓe ya hau, duba ko abokan takararsa sun samu damar yin kamfen da zuwa kotu, dan zaɓen da aka san sakamakonsa tun kafin a jefa ƙuri'a suna ne kawai. Tun 1689 masanin falsafa John Locke ɗan Ingila yace halaccin gwamnati daga yardar waɗanda ake mulka yake fitowa, in ta ci amanar kare rayukansu da 'yancinsu da dukiyarsu to suna da hakkin canza ta.

Sai wacce nafi so ka daɗe a kanta, wa zai iya ce masa a'a? Buɗe kundin tsarin mulki ka nemo inda akai maganar kuɗi, in shugaba zai iya ƙaƙaba haraji ko ya kashe na baitulmali ba sai majalisa ta amince da kasafi ba, to sauran shafukan duk ado ne. Rigimar tsohuwa ce fa, a 1215 manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John ya amince da wata yarjejeniya mai suna Magna Carta, ciki har da cewa ba za a ɗaure ɗa, wato wanda ba bawa ba, sai da shari'a. Masani Montesquieu na Faransa kuma a 1748 yace a raba ikon gida uku, masu yin doka daban, masu zartarwa daban, masu shari'a daban. Amma kar rubutu ya ruɗe ka, takarda ba ta ƙin tawada. Nemo hukunci ɗaya da kotu ta kayar da gwamnati kaga ko ta bi, sannan ka bincika wa ke naɗa alƙali, wa ke iya cire shi, albashinsa a hannun wa yake.

Maganar sauka kuma ka duba wa'adi da yadda ake tsigewa. Amurka ma sai 1951 ta rubuta wa'adi biyu a kundinta, bayan Shugaba Franklin Roosevelt ya ci zaɓe sau 4. In kaji mai ci ya fara zancen gyara wannan sashen ana saura kaɗan ya sauka, tambayi ko gyaran zai fara aiki a kansa ne ko sai kan na bayansa.