Yadda Ake Gyara Danƙon Ifoksi Ya Yi Sauƙin Aiki Ba Tare da Ya Rasa Juriyar Zafi Ba

Danƙon ifoksi da ake zubawa a kan naɗin wayar taransifoma, ko ake jiƙa zaren kabon da shi wajen ƙera sassan jirgin sama, yana da matsaloli biyu da suka daɗe suna damun masu aiki da shi: kafin ya daskare yana da kauri ainun, bayan ya daskare kuma yana da gautsi. Wannan danƙo danginsa ɗaya da gam ɗin Araldite da kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da shi a shekarun 1940, sai dai wanda ake so ya jure zafi ana haɗa shi ne da sinadarin daskarwa irin su DDS, sannan a gasa shi a tanda.

Kafin a ƙara komai, a fara daidaita awo, domin babu wani gyara da zai ceci haɗin da aka yi da ka. Ifoksin da aka fi samu, mai suna DGEBA, nauyin awonsa na haɗi kusan 188 ne, na DDS kuma 62, wato giram 188 na danƙo ne ke haɗuwa daidai da giram 62 na DDS, saboda haka giram 100 na danƙo na buƙatar kimanin giram 33 na DDS. A yi amfani da sikeli mai nuna giram, kuma a duba takardar bayanin da ta zo da kayan, tunda alƙaluman sukan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Maganin kauri na farko shi ne ɗumi. A zafin ɗaki danƙon yana jan jiki kamar zuma, amma da zarar ya kai digiri 60 na ma'aunin Salshiyas sai ya tsinke ya riƙa kwarara, kuma wannan hanya ba ta taɓa ingancinsa. DDS gari ne, yana narkewa a cikin danƙon a wajen digiri 120 zuwa 130 idan ana motsawa. Kada a kuskura a tsinka shi da fetur ko tina, domin za su ƙafe a cikin tanda su bar ramukan kumfa. Idan ɗumi bai wadatar ba, a sa ɗan sinadarin tsinkawa wanda shi ma yake shiga haɗin ya daskare, a fifita mai hannu biyu (wanda kowace ƙwayarsa ke kama haɗin ta wuri biyu) a kan mai hannu ɗaya, kada kuma ya wuce kashi 10 cikin ɗari, saboda kowane ƙari yana rage matakin zafin da kayan ke fara laushi, wanda masana ke kira Tg.

Gautsi ne ya fi wuyar magancewa. Tsohuwar dabara ita ce a zuba robar ruwa mai suna CTBN, kashi 10 zuwa 15 a kan kowane ɗari na danƙo. Yayin gashi robar takan ware ta zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, waɗanda ke tare tsagewa idan ta taso. Amma roba tana rage tauri, kuma amfaninta yana raguwa a danƙon da ƙwayoyinsa suka ɗaure da juna sosai, kamar mai jure zafi. A ganina, duk aikin da zai zauna a zafi mai tsanani ya fi dacewa da garin PES, wani nau'in filastik wanda ba ya laushi sai ya haura digiri 200, ko da yake yana ƙara kauri matuƙa, dole a narkar da shi cikin danƙo mai zafi tun kafin a sa DDS.

Idan za a zuba danƙon a kan jan ƙarfe, a ƙara garin silika, domin ifoksi yana buɗewa da zafi fiye da ninki uku na jan ƙarfe, wannan bambanci kuwa shi ke fasa shi. A busar da garin a tanda tukuna, musamman da damina, a rufe hanci saboda ƙurarsa tana lalata huhu, a kuma sa safar hannu.

Bayan an cire kumfa da injin zuƙe iska, a gasa a hankali: a fara da zafi matsakaici har ya kama jiki, a ɗaga zuwa digiri 180 na tsawon awa biyu ko uku, sannan a bar shi ya huce a cikin tanda a rufe. Zubi mai kauri yana haifar da nasa zafin daga ciki har ya iya ƙonewa, don haka a fara gwaji da ƙaramin samfuri, a yanka shi a duba cikinsa, a auna Tg ɗinsa a gwada da na danƙon da ba a yi wa ƙari ba, kafin a haɗa mai yawa.