Yadda za ka zagaye Auxerre a yini ɗaya har ka kalli ƙwallo

Auxerre gari ne a Faransa. Da farko dai gyara bakinka, ba "Okzer" ake cewa ba, 'yan garin "Oser" suke faɗa.

Daga Paris tashar Bercy za ka nufa ka hau jirgin ƙasa, wajen awa biyu ka sauka a Auxerre-Saint-Gervais. Kar ka ɓata kuɗinka a tasi, garin ɗan mitsitsi ne, mutanensa wajen dubu 35 ne duk da shi ne hedikwatar yankin Yonne. Taka da ƙafa ka hau gadar kogin Yonne ka ɗan tsaya, nan hoto yake fita, ga babban cocin Saint-Étienne ga tsohon gidan ibada na Saint-Germain can bisa tudu. In kana son tarihi shiga Saint-Germain ɗin ka gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa, akwai zanen bango tun na ƙarni na 9. Sai hasumiyar agogo ta ƙarni na 15 a tsakiyar gari, minti biyar ya isa.

Wajen abinci kuwa buɗe ido, jambon persillé naman alade ne, boeuf bourguignon kuma da giya ake dafa shi. Nemi gougère, kamar fanke yake amma gasa shi ake da cuku.

To ni dai abin da zai kai mutum garin nan ƙwallo ne. Wani limamin coci, Abbé Deschamps, shi ya kafa kulob ɗin garin, AJ Auxerre, a 1905, sunansa filin yake ɗauke da shi. Guy Roux ya zama kocin kulob ɗin a 1961 lokacin ba wanda ya san da su, ya yi ta fama har suka hau babban lig a 1980, a 1996 kuma suka haɗa lig da kofin Faransa, lokacin Taribo West na Najeriya yana tsaron baya, sai 2005 dattijon ya ajiye aikin. Cantona da Djibril Cissé duk a hannunsa suka taso, a ɗan garin nan fa!

Tikiti ka saya ta intanet tun kafin ranar, filin bai kai mutum dubu 20 ba, manyan wasanni cika yake. Sa fari ko shuɗi, ka bi bakin kogi da ƙafa za ka ga ayarin magoya baya, bi su kawai. In wasan dare ne duba lokacin jirgin ƙarshe na komawa Paris tun da rana, in bai yi ba kama ɗaki a otal kafin ka shiga fili.