Kafin a ce ƙwaƙwalwar mota ta ƙone

'Yan uwa, idan batir ya yi tartsatsi ko an ɗaura kawunansa a juye, mota ta ƙi tashi, kada a yi saurin yanke hukunci kan ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Sau da yawa fiyus ne ya tare ɓarnar. A fara duba babban fiyus na kusa da batir, sannan na EFI, wanda ke kai wuta ga ƙwaƙwalwar, idan Toyota ce. Da mitar auna wuta za a gwada, ido yana yaudara.

Daga nan a murɗa makulli ba tare da an tayar ba. Fitilar inji ta kama a dashbod? In ba ta kama ba, mai rewaya ya auna soket ɗin ƙwaƙwalwar: wuta bolt 12 tana shiga? Bolt 5 tana fita zuwa sensa, wato ƙananan na'urorin da ke kai wa ƙwaƙwalwar bayanin inji? Idan wuta tana shiga amma ba ta fita, ko bayan an cire sensocin, kuma na'urar gwaji ta kasa karanta motar, to zargi ya yi ƙarfi. A buɗe ƙwaƙwalwar, ƙauri da baƙin tabo ba sa ɓuya.

In za a sayi ƙwaƙwalwa tokumbo, lambar jikinta ta yi daidai da ta tsohuwar, kuma mota mai makullin tsaro, wanda sai ƙwaƙwalwar ta gane shi mota ke tashi, sai an sake saita makullin.