Gwajin CRP da Wankin Ƙoda ta Ciki: Inda Aka Fi Yin Kuskure

A Gombe, yawancin masu wankin ƙoda da na'ura ake yi musu. Masu yi ta tantanin ciki, waɗanda ke zuba ruwan magani kamar lita 2 a cikinsu ta roba, daga baya su sauke shi, sau 4 a yini, ba su da yawa. Shi ya sa idan aka karɓo takardar gwaji, sai kowa a gidan ya zama likita.

Ruɗanin daga kalmar "kumburi" yake farawa. Likita ya ce CRP ya hau, akwai kumburi, sai a duba ƙafar Baba a ce ai ba ta kumbura ba. Ba wannan ake nufi ba. CRP sinadari ne da hanta ke fitarwa idan jiki na faɗa da wani abu. Idan ya daɗe a sama, yana tafiya da lalacewar jijiyoyin jini, kuma ciwon zuciya ne ya fi kashe masu wankin ƙoda, ba ƙodar kanta ba.

Amma gwaji ɗaya ba hukunci ba ne. Zazzaɓin cizon sauro, ruɓaɓɓen haƙori, tarin fuka, ko ƙurji a bakin robar, duk suna ɗaga shi. Wasu su yanke ƙauna, wasu su cusa takardar a aljihu, duka biyun kuskure ne. A nemo dalilin, a yi magani, a sake gwajin bayan an warke. A ajiye takardun wuri guda da kwanan watansu, domin inda lambar ta dosa shi likita ke son gani.

Sai albumin, wani furotin da ke cikin jini. A lafiyayye yana tsakanin giram 35 zuwa 50 a lita, kuma faɗuwarsa na cikin alamomin da suka fi nuna haɗari. Ruwan wankin kansa yana fita da furotin kullum. To ga inda nake ganin an fi cutar majinyata: an saba jin "mai ciwon ƙoda ya rage nama", sai a ci gaba da hana shi bayan an fara wanki. Ƙwai, kaza da kifin Dadin Kowa yanzu abincinsa ne, gwargwadon yadda aka tsara masa. Gishiri da dunƙulen miya su ne abin ragewa. Sai dai idan kumburin ne ya danne albumin, cin ƙwai kaɗai ba zai ɗaga shi ba.

Mafi muni shi ne jinkiri. Ruwan da aka sauke ya fito kamar ruwan wankin shinkafa, ciki na ciwo, alamar ƙwayoyin cuta sun shiga, a ce bari a ga gobe, ko a aika yaro kemis. A ɗauki jakar ruwan a tafi da ita asibiti a ranar, kafin a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, don kada gwajin ya ɓace. Magungunan rage ciwo irin su diklofenak da ibuprofen kuwa suna ƙarasa ɗan fitsarin da ya rage, alhali wannan ragowar aikin ƙodar na ƙara tsawon kwana da yardar Allah.

A kowane lokaci, musamman lokacin hunturu, a rufe taga a kashe fanka kafin a buɗe robar, a rufe hanci da baki, a wanke hannu da sabulu a busar da shi sarai.