Yadda ake shafa wa iri bakteriyar ƙasa ta yi aiki a wuraren da ruwa ke ƙaranci

Garin bakteriya da ake sayarwa a leda don cuɗa iri halitta ce mai rai, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka gwada shi a ƙasa mai fari suka ce bai yi komai ba, sun kashe shi ne tun kafin irin ya shiga rami. Zafi, hasken rana da busasshiyar ƙasa su ne abokan gabarsa uku. Wanda ya tsare shi daga waɗannan ya gama rabin aikin.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da ake sayen yuriya dominsa, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska. Bakteriyar da ake kira rizobiya ita ce ke iya wannan. Tana shiga cikin saiwar wake, gyaɗa, waken suya da danginsu, sai saiwar ta kumbura ta yi ƙululu, a cikinsa ta zauna tana juya naitirojin na iska zuwa abincin shuka, shukar kuma tana biyan ta da sukari. Wasu masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da haka a 1886, sannan Beijerinck na ƙasar Holan ya ware ƙwayar kanta a 1888.

Akwai wasu da ba sa yin ƙululu, suna zama ne a jikin saiwa kawai, ciki har da saiwar gero, dawa da masara. Azospirillum, wadda Johanna Döbereiner ta yi fice a bincikenta a Birazil, tana fitar da sinadarin da ke sa saiwa ta yi gashi da rassa da yawa, ta yadda za ta lalubo danshi a wuri mai faɗi. Wasu nau'o'in Bacillus da Pseudomonas suna fitar da ɗan tsami da ke narkar da fosfaras, wani abincin shuka, idan ya daskare a ƙasa, kuma suna yin wani yauƙi da ke manne ƙwayoyin ƙasa a jikin saiwa su riƙe laima. Wasunsu kuma suna rage sinadarin etilin, wanda shuka ke yawaita fitarwa idan ta ji ƙishi har ya tsayar da girman saiwarta. Duk da haka, a gona rizobiya ce aka fi dogaro da sakamakonta. Na hatsi wani lokaci su yi, wani lokaci su ƙi, don haka a ɗauke su a matsayin gwaji.

Zaɓen garin da adana shi

Kowace shuka da tata. Waken suya yana son rizobiyar da ake kira Bradyrhizobium japonicum da 'yan uwanta na kusa, kuma a ƙasar da ba a taɓa noma shi ba sau da yawa babu ita, shi ya sa ya fi kowa nuna bambanci idan aka shafa masa. Wake da gyaɗa ba su da tsirfa, sukan ƙulla da bakteriyar da suka tarar, amma a ƙasa mai yashi da ta sha rani mai tsawo ba ciyawa ba inuwa, yawanta yakan ragu sosai, a nan shafawar kan biya. A duba jikin ledar a ga sunan shukar da za a shuka, da ranar da garin zai lalace. Mai kyau yana ɗauke da ƙwaya kusan biliyan 1 a kowane giram, kuma yawanci wata shida ne ƙarfinsa.

A matsa ledar da yatsa. Garin ya kamata ya kasance baƙi, mai laushi, da ɗan danshi. Idan ya bushe ƙayau yana tashi kamar ƙura, ko ledar ta huje, ko an gan ta a baje a rana, a bar ta ko da ranarta ba ta wuce ba. A gida a ajiye a ƙasan firji inda ba ya ƙanƙara. Idan babu firji, a sa a tukunyar ƙasa a rufe a wuri mafi sanyi a ɗaki. Da zarar zafi ya kai digiri 40, ƙwayoyin bakteriyar mutuwa suke yi da sauri, kuma cikin mota da aka rufe a rana ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Cuɗawa

Ga lissafin kilo 10 na waken suya ko wake: giram 100 na garin, da mililita 200 na ruwan manni. Idan ledar ta faɗi wani adadi daban, a bi nata.

Manni mafi kyau shi ne ƙaro, domin bayan ya riƙe garin a jikin iri yana kuma kare ƙwayoyin daga bushewa, abin da ya fi muhimmanci a ƙasa mai zafi. A jiƙa giram 40 na dakakken ƙaro a kowace mililita 100 ta ruwan ɗumi, a juya har ya narke, a tace, a bar shi ya huce sarai. Gaggawa a nan tana da tsada: manni mai ɗumi yana dafa garin. Idan babu ƙaro a narkar da giram 10 na sukari a kowace mililita 100 ta ruwa. Yana aiki, sai dai riƙonsa bai kai na ƙaro ba, kuma yana kiran tururuwa. Kada a yi amfani da ruwan famfo mai warin kulorin, kuma kada a cuɗa a bokitin da aka taɓa dama maganin feshi.

A zauna a inuwa. A zuba irin a roba mai tsabta, a yayyafa mannin, a juya har kowace ƙwaya ta yi sheƙi amma ruwa bai kwanta a gindin robar ba. Sannan a barbaɗa garin a ci gaba da juyawa a hankali kamar minti ɗaya ko biyu, har irin ya yi baƙi-baƙi bai ɗaya. Idan ƙwayoyi suna dunƙulewa, ruwa ya yi yawa. Idan garin yana zubewa ƙasa, ya yi kaɗan. A baza a kan buhu a inuwa na minti 15 zuwa 30 ya sha iska, a kwashe a rufe da tsumma a tafi gona. Abin da za a iya shukawa cikin awa uku ko huɗu kawai za a cuɗa. Irin da ya kwana sai an sake shafa masa.

Gyaɗa tana son lallami, domin jan ɓawonta yana saɓulewa idan ya jiƙe aka murza, kuma irin da ya saɓule ba ya tsira da kyau. Ya fi sauƙi a gauraya garin da ƙasa mai laushi mai ɗan danshi, a zuba ɗan kaɗan a kowane rami a ƙarƙashin irin.

Maganin da ake shafa wa iri don kashe fumfuna yana rage yawan bakteriya, musamman mai ɗauke da jan ƙarfe. Idan dole ne a yi amfani da shi, a fara da maganin, a bar shi ya bushe, a shafa garin daga ƙarshe dab da shuka, a kuma ninka adadinsa. Ko kuma a bi hanyar zubawa a rami.

Ranar shuka

Binne da wannan gari ba sa haɗuwa. Irin hatsi yana iya zama a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, amma rizobiya ba ta da ɓawon kare kai irin na Bacillus, kuma saman ƙasa mai yashi yakan wuce digiri 50 da tsakar rana. Kwana biyu ko uku a haka ya isa ya ƙarar da yawancinsu. A jira ruwa mai ƙarfi, kamar milimita 20 ko fiye. A tona zurfin santimita 10, a damƙi ƙasar a tafin hannu. Idan ta dunƙule ta zauna, a shuka. Idan ta wargaje, a ƙara haƙuri.

A shuka da sassafe ko da yamma, a zurfin santimita 4 zuwa 5, a rufe kowane rami nan take a ɗan danna da ƙafa. Barin layi a buɗe a dawo a rufe daga baya kuskure ne da ake yawan yi. Inda ake da kara ko busasshiyar ciyawa, a shimfiɗa tsakanin layuka, tana sauke zafin ƙasa kuma tana rage tashin danshi. Ɗaure kunya, wato datse kwarin da ƙasa kowace mita biyu, yana tsare ruwan sama ya nitse a inda ya sauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙululun saiwa yana daina aiki tun kafin ganye ya nuna alamar yaushi.

Batun taki yana rikita mutane. Shukar da ta samu yuriya a yalwace ba ta ga dalilin ciyar da bakteriya, sai ta ƙi yin ƙululu. Don haka a bar yuriya. Abin da ake buƙata shi ne fosfaras, domin aikin ƙululun yana cin sa sosai: buhu biyu zuwa huɗu na supa mai kilo 50 a hekta, a zuba a gefe kamar santimita 5 daga irin, kada ya taɓa shi, domin gishirin taki yana ƙone ƙwayoyin. Ruɓaɓɓen takin dabbobi yana taimakawa ta wata fuskar, shi ne abincin bakteriyar ƙasa kuma yana riƙe ruwa a yashi. Ƙasa mai tsami sosai, wadda ta sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin tsami na pH, tana hana ƙulli, ita sai an gyara ta da farar ƙasar gona.

Duba ko ya kama

A bar layi huɗu ko biyar da ba a shafa musu komai ba, a shuka su da farko kafin hannu ya taɓa garin, a kafa musu alama. Ba tare da su ba, babu yadda za a raba aikin bakteriya da na ruwan shekarar.

Bayan mako biyar zuwa shida, a haƙo shuka goma daga wurare daban-daban da shebur. Kada a tumɓuke da hannu, ƙululun zai tsinke ya zauna a ƙasa. A wanke saiwar a bokiti a hankali, a ƙirga, a tsaga 'yan kaɗan da farce. Ja ko ruwan hoda a ciki yana nufin suna aiki, launin kuwa daga wani sinadari ne ɗan uwan wanda ke sa jini ja. Fari na nufin ko dai bai nuna ba tukuna, ko kuma bakteriyar da ta shiga malalaciya ce, tana ci ba ta biya. Kore ko ruwan ƙasa mai laushi ya tsufa ko rashin ruwa ya kashe shi. A waken suya, manya-manya da suka taru a saman uwar saiwa galibi daga garin da aka shafa ne, ƙanana da suka watsu a rassa kuwa na ƙasar ne.

Idan babu ƙululu sam kuma ganye ya yi rawaya tun daga ƙasa, garin ya mutu ko ba na wannan shukar ba ne. A nan an halatta ɗan yuriya don ceto amfanin. Idan akwai ƙululu ja amma shukar ta tsumbure, a zargi ƙarancin fosfaras.

Lokacin girbi a yanke shukar a bar saiwa a ƙasa. Mafi yawan naitirojin ɗin yana tafiya ne cikin ƙwaya da ganye, saboda haka idan an kwashe harawa an ba dabbobi, sai kashinsu ya dawo gonar kafin hatsin da za a shuka baɗi ya ci gajiyarsa. A auna amfanin layukan alama da na layuka masu tsawo ɗaya da aka shafa wa, a rubuta kilon kowanne.