Kunya Gare Ku, Ba Dai Tsoro Ba: Abin da Nake Faɗa wa 'Yata a Ingila

Watanni goma sha ɗaya ke nan tun ranar da muka raka 'yata filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ta tafi karatun digiri na biyu a wani birni da ke arewacin Ingila. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake kiranta, kuma tun da ta sauka ba mu taɓa cika kwana biyu ba mu yi magana ba. Yanzu da watan Satumba ya sake ƙaratowa, iyaye uku a unguwarmu, nan wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, sun tare ni bayan sallah suna tambayar abin da ya kamata su faɗa wa nasu 'ya'yan da ke shirin tafiya. Ni ban taɓa taka ƙasar ba. Abin da na sani na koye shi ne ta waya, a bakin yarinyar da take can, wani da daɗi, wani kuwa bayan an sha wuya.

Katsinawa ba baƙin wannan hanya ba ne, tunda Sarki Muhammadu Dikko ya bi ta Ingila a 1921 a kan hanyarsa ta zuwa aikin hajji. Amma kirarin garinmu, ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba, shi ne abin da na fi maimaita wa Mamana, domin a cikinsa matsalar baƙonmu take. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu, musamman mata, a kan kara da kawaici: kada a roƙa, kada a kai ƙara, kada a ɗaga ido a kalli babba, kada a ce "a'a" kai tsaye. A gida wannan tarbiyya tana aiki, saboda na kusa da kai yana karanta shirunka, ya gane kana da buƙata tun ba ka furta ba. A can kuwa wanda ya yi shiru ana ɗauka ba shi da damuwa, kuma babu wanda zai matsa masa da tambaya, domin a wurinsu hakan shiga sharo ba shanu ne.

Na gane haka ne a mako na uku da tafiyarta. Na kira ta bayan isha'i, na ce, "Mamana, yaya jiki, yaya baƙunta?" Ta ce, "Lafiya lau, Baba." Amma muryar ba tata ba ce, kuma ina jin haƙoranta suna haɗuwa. Sai da na ce ta kunna bidiyo na gan ta a ƙudundune cikin bargo biyu, idanu sun faɗa, sannan ta yarda cewa kwananta huɗu da zazzaɓi, tana shan farasitamol, ba ta faɗa wa kowa ba. Yarinyar da ke ɗakin da ke kusa da nata tana gaishe ta kullum a kicin, amma kunya ta hana ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. A daren na sa ta kira 111, lambar neman shawarar lafiya, na kuma ce jumlar farko da za ta faɗa ita ce daga Najeriya ta zo makonni uku da suka wuce. Suka tura ta asibiti, aka ɗibi jini, aka ga zazzaɓin cizon sauro ne da ta tafi da shi daga damunar Katsina.

Wannan jumla ita ce na fi so kowane sabon zuwa ya haddace. Sauron da ke yaɗa maleriya ba ya addabar Ingila, saboda haka likita zai iya ɗaukar zazzaɓinka a matsayin mura idan ba ka faɗi inda ka fito ba, kuma haka abin yake duk lokacin da ka dawo daga hutu a gida. Bahaushe ko a gadon asibiti aka gaishe shi zai ce da sauƙi, to a gaban likitan can a ajiye wannan amsa, a faɗi ranar da ciwon ya fara da inda yake da yadda yake. Tun makon farko, tun ana da lafiya, a yi rajista da likitan unguwa da suke kira GP. Rajistar kyauta ce, kuma ɗalibi ya riga ya biya kuɗin kula da lafiya tare da bizarsa, fam 776 a kowace shekara bisa farashin da aka sa a 2024, don haka ba alfarma yake nema ba. Mace tana da damar cewa likita mace take so ta duba ta. Ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis sai da takardar likita, ba kamar yadda muka saba a nan ba. Idan kuwa abin ya kai ga rai, ko gobara, ko hari, 999 ake kira.

Sanyi kowa ya ji labarinsa, amma duhu shi ne abin da ba a gaya mana ba. A watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ba ta kuma fitowa sai bayan takwas na safe, ga hadari da yayyafi kusan kullum. Yarinyar da ta tashi a garin da rana take dukan ƙeya tun hantsi sai ta ji jikinta ya mutu, barci ya yi yawa, zuciya ta ƙuntata ba tare da dalili ba. Hukumar lafiyarsu, NHS, tana ba da shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 a rana, a lokacin sanyi, masu baƙar fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara. Na ɗora mata wata ƙa'ida tawa a kai: ko babu lacca, ta fita ta taka ƙafa da tsakar rana, ta ga fuskar mutane. Rigar sanyi mai kauri da takalmin da ruwa ba ya shiga a saye su a can, domin suwaitar da muke sawa da hunturu a Katsina ba ta yin komai. Iyaye kuma su san cewa a Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai mu riga su da awa guda har zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris, inda lokacinmu da nasu ke sake zama ɗaya. Na tashe ta da ƙarfe biyar na dare sau biyu kafin na gane.

Sallah ma tana buƙatar sabon lissafi. Mu nan mukan ce a fuskanci gabas, amma daga Ingila alƙibla tana kudu maso gabas, don haka a tabbatar da ita a waya ko a masallaci tun ranar farko. A tsakiyar sanyi azahar da la'asar da magariba sukan faɗo cikin awa huɗu kacal, daidai lokacin lacca, a tsakiyar Yuni kuwa magariba takan wuce ƙarfe tara na dare, kuma masallatai sukan saɓa a kan lokacin isha'i da asuba saboda jan sama ba ya gushewa gaba ɗaya. Shawarata gare ta ita ce ta riƙe jadawalin masallaci ɗaya, kada ta riƙa tsalle tsakanin uku. Jami'o'i da yawa suna da ɗakin sallah da wurin alwala da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, amma Mamana ta yi wata guda tana haɗa salloli a ɗakinta da dare kafin ta tambaya, alhali ɗakin sallar yana ginin da ke bayan ɗakin karatu.

Sai batun kuɗi, inda na fi jin tausayinta. A 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000, kuma duk abin da ta ɗauka a kanti sai ta juya farashinsa zuwa naira a zuciya, ta tuna fanshona, ta mayar da shi. Haka ta riƙa tsallake abincin rana tana kashe na'urar ɗumama ɗaki. Da na ji, na ce mata, "Mamana, ki daina cin abinci da naira. Ki raba kuɗin wata kashi huɗu, abin da ya faɗo a mako ki ci shi da zuciya ɗaya." Ɗalibin digiri yana da izinin aiki awa 20 a mako a lokacin karatu, ba a kuma yarda ya yi sana'ar kansa ba. Wannan iyaka ba abin wasa ba ce, domin ƙetare ta na iya cin bizar gaba ɗaya, kuma za a samu ɗan'uwa da zai ce kowa yana yi, a karɓi kuɗi a hannu babu wanda zai sani. Jami'a tana lissafin zuwa aji, kuma doka ta wajabta mata sanar da Ma'aikatar Cikin Gida idan ɗalibi ya daina zuwa. Idan kuɗin makaranta zai makara saboda canji ko jinkirin banki, a rubuta wa ofishin kuɗi tun kafin ranar biya ta cika, a nemi a raba shi. Wanda ya yi magana da wuri ana saurarensa, wanda ya ɓuya don kunya kuwa wasiƙar kora ce take riskarsa.

A kan gida, ranar da aka karɓi makulli a ɗauki hoton kowane bango da kafet da taga, a aika wa mai gidan ta imel don kwanan wata ya zauna. A Ingila kuɗin ajiya da ake bayarwa saboda ɓarna bai kamata ya wuce hayar mako biyar ba, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, sai dai idan tare kuke zaune da shi a gida ɗaya. Cikakken ɗalibi ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma, amma sai ya karɓo takardar shaida daga jami'a ya miƙa. Kada a tura kuɗin haya daga Najeriya ga wanda aka gani a Facebook kawai.

A aji, ɗalibai suna kiran farfesa da sunansa na yanka, suna kallon idonsa, suna musa masa. Wannan ya yi wa Mamana nauyi ƙwarai, kuma ban ce ta zubar da ladabinta ba. Na ce ta gaishe su yadda aka koya mata, amma ta ɗaga kai idan tana magana, ta kuma yi tambaya ko da ɗaya ce a kowace lacca, domin a wurinsu tambaya ita ce shaidar ɗalibi yana biye. Kwafar rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba babban laifi ne da ke iya kai wa ga kora, kuma suna da manhajar da ke gano shi. Idan rashin lafiya ko rasuwa a gida ta hana kammala aiki, akwai hanyar neman ƙarin lokaci, ita ma kafin wa'adi ya cika ake binta.

Kilishi da dambun nama da man shanu kada a saka su a jaka, doka ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, kuma a filin jirgi za a ƙwace. Mahaifiyarta ta cika mata jaka da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, su suka riƙe ta. Naman halal ba ya wuya a biranen da ke da Musulmi da yawa, sai dai a riƙa karanta bayan kwali, saboda alawa da wasu kayan zaƙi suna ɗauke da jelatin na alade.

Wuri na ƙarshe da kunya ke cutar da baƙo shi ne wajen cewa "a'a". Za a kira ka a ce daga hukumar shige da fice ne, akwai matsala a bizarka, ka biya tara yanzu ko a kama ka. Hukuma ba ta karɓar tara ta waya, a kashe a sanar da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'a. Wani kuma, wataƙila mai jin Hausa, zai roƙi a ara masa asusun banki kuɗi su bi ta ciki, har ya ba da tukuici. Idan kuɗin na zamba ne, mai asusun ake kamawa, a rufe asusun, sunansa ya ɓaci. Na ce wa Mamana duk wanda ya matsa mata ta ce, "Babana ya hana," ta jingina laifin a kaina, tunda ni ina nesa ba na jin nauyin kowa. Idan kuma wani ya ci zarafinta a hanya saboda hijabi, ta kai rahoto ga 'yan sanda ta lambar 101 ko a jami'a, kada ta haɗiye.

Mu iyaye ma akwai namu. Kada mu sa dangi su ɗauka wanda ya je Ingila ya tafi ɗibar kuɗi, har a fara aika masa da buƙatun biki da suna tun bai biya haya ba. Kada kuma mu tsaya a "lafiya lau". Mu tambayi me aka ci yau, da wa aka yi magana, an fita ko ba a fita ba. Ranar ƙaramar sallah can ba hutu ba ce, Mamana ta yi idi da safe ta wuce ɗakin karatu. Da za a yi hawan sallah na sa ƙanenta ya tsaya kusa da Ƙofar Soro ya ɗaga waya, ta ga dawaki ta ji tambura da algaita, ta yi kuka, ni ma ban hana ta ba. Da ta share hawaye na tambaye ta ko akwai wata a gidan da take zaune ita kaɗai a ranar. Ta ce akwai wata 'yar Sudan a hawa na sama. Na ce ta dafa tuwon semo da miyar kukar da ta rage, ta hau ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Bayan isha'i ta aiko mini da hoton kwano biyu a kan tebur.