Yadda za ka kai ƙorafi kan sabuwar unguwa a Ingila tun ba a zuba harsashi ba

Shekara shida ke nan muna zaune a wata sabuwar unguwa a tsakiyar Ingila. Garejinmu mota tana shiga, amma ƙofarta ba ta buɗuwa, sai dai mu ajiye ta a waje kamar kowa. Motoci sun hau hanyar ƙafa, maiɗakina in ta fito da keken jariri dole ta sauka kan kwalta. Ɗakin yaran kuwa, da aka sa gado biyu babu inda kabad zai tsaya. Duk wannan yana cikin zanen da ƙaramar hukuma ta amince da shi, ba wanda ya tanka.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2020 Farfesa Matthew Carmona, masanin tsara birane, da ƙungiyar CPRE mai kare karkarar Ingila, sun duba sababbin unguwanni 142 a Ingila, suka tarar kashi 75 cikin 100 tsarinsu tsaka-tsaki ne ko mara kyau, ɗaya cikin biyar ma bai kamata a ba shi izini ba sam. Shi ya sa da aka zo gina gonar da ke bayanmu ban yi shiru ba.

Abin yana farawa da wata 'yar takardar sanarwar neman izinin gini da ake ɗaurawa a jikin turken fitilar titi, ko wasiƙa ta ƙofa. Kada ka wuce ta. Yawanci kwana 21 kake da shi ka rubuta wa ƙaramar hukuma ƙorafinka. Kwafi lambar da ke jiki, ka shiga shafin ƙaramar hukumar a intanet, ka sauke zanen gidajen.

A nan aikin yake, ɗan'uwa. Kyale hotunan da aka ƙawata da itatuwa da yara masu dariya, nemi awo. Ma'aunin da gwamnati ta fitar a 2015 ya ce ɗakin kwanan mutum ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 7.5, na mutum biyu 11.5, gidan bene mai ɗakin kwana uku na mutum biyar kuma 93. Sai dai ma'aunin ba ya hawa kan magini sai in ƙaramar hukumarku ta sa shi cikin tsarinta na gari, don haka duba wannan tukuna. Ni tef na ɗauka na auna ɗakin yarana, na kwatanta da na zanen, nan take na gane abin da ake shirin sayar wa mutane. Daga nan bi titunan da yatsa. Ina tashar bas? Minti nawa zuwa makaranta da ƙafa? Ina ruwan sama zai bi? Wa zai riƙa gyaran titi, hukuma ko kamfanin da zai riƙa cajin mazauna duk shekara, kamar yadda ake mana?

In za ka rubuta, kada ka ce darajar gidanka za ta faɗi ko an tare maka kallon fili, ba a sa waɗannan a ma'auni. Yi maganar tare haske, tagar da ke leƙen tsakar gidanka, cunkoso, wurin ajiye mota, ambaliya. Tuna musu cewa tun 2021 manufar ƙasa kan gine-gine ta ce ginin da tsarinsa bai yi kyau ba a ƙi shi. Kowa ya rubuta tasa wasiƙar da kalmominsa, ta fi tarin sa hannu a takarda ɗaya nauyi.

Sannan nemi kansilan mazaɓarku, ka roƙe shi maganar ta je gaban kwamitin ƙaramar hukuma mai ba da izinin gini. A wurare da yawa minti uku ake ba mai magana, to ka gwada da agogo a gida. Kuma ka sani, in aka ƙi ba da izini, magini yana iya ɗaukaka ƙara, amma in aka amince, maƙwabci ba shi da wannan damar. Ni ranar namu zaman, awon gareji na fara karanta musu, da faɗin motata.